Amurka da tatsuniyar zaman ba-ruwana

A ranar 20 ga Janairun 2025, cikin jawabin da ya yi bayan an rantsar da shi karo na biyu, Donald Trump ya tono sunan wani shugaba da Amurkawa da yawa ma sun manta da shi, William McKinley, wanda ke mulki lokacin da Amurka ta yi yaƙi da Sifaniya a 1898. Ya yaba masa, ya ce za a mayar da sunansa a kan dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar, wanda ke Alaska. A jawabin dai ya ce Amurka za ta karɓe mashigin ruwan Panama, kuma a makonnin ya yi ta maganar mallakar Greenland da mayar da Kanada jiha ta 51. Masu sharhi suka kama baki. Ashe ba wannan ne mutumin da ya yi ta cewa Amurka ta daina shiga sharo ba shanu a yaƙe-yaƙen duniya ba? Yaya mai kiran a koma gida zai buɗe baki kuma ya ce a ƙaro ƙasa?

Ni kam ban ga abin mamaki ba, domin a tarihin Amurka maganganun nan biyu sun daɗe suna kwana ɗaki ɗaya.

Labarin da aka saba bayarwa mai daɗin ji ne. Wai George Washington, da zai sauka daga mulki a 1796, ya bar wasiyya cewa a yi ciniki da kowa amma kada a ƙulla ƙawance na dindindin da kowa. A 1821 John Quincy Adams, yana sakataren harkokin waje, ya ce Amurka ba ta fita ƙetare neman dodannin da za ta kashe. A 1823 shugaba James Monroe ya gargaɗi ƙasashen Turai kada su sake kafa mulkin mallaka a nahiyar, ya kuma yi alkawarin Amurka ba za ta sa baki a rigingimunsu ba. Daga nan, in ji labarin, ƙasar ta yi kusan shekara ɗari tana noma da ƙira da sha'anin gabanta, har zuwa 1898, lokacin da zaluncin Sifaniya a Kyuba ya tilasta mata fitowa, ta wayi gari da tsibirai a hannu ba tare da ta nema ba. Maganganun shugabannin nan duk an yi su. Amma duk wanda ya ajiye taswirar 1783 kusa da ta 1867 zai ga abin da aka yi ta yi a shekarun da ake cewa na kame kai ne.

A 1783 iyakar Amurka ta yamma kogin Mississippi ce. A 1803 ta sayi yankin Louisiana daga hannun Napoleon a kan dala miliyan 15, girman ƙasar ya kusa ninkawa a dare ɗaya. A 1819 ta karɓi Florida daga Sifaniya. A 1845 ta haɗiye Texas, shekara guda bayan haka ta shiga yaƙi da Meziko, aka kai har babban birninta, kuma da aka gama lissafi a 1848 Meziko ta yi asarar kusan rabin ƙasarta, ciki har da Kalifoniya. Ulysses Grant, wanda ya yi yaƙin yana ƙaramin hafsa kafin daga baya ya zama shugaban ƙasa, da kansa ya ce yana cikin yaƙe-yaƙe mafi rashin adalci da mai ƙarfi ya taɓa yi wa mai rauni. A 1867 kuma aka sayi Alaska daga Rasha a kan dala miliyan 7.2.

Duk ƙasar nan da ake saye da sayarwa ba kango ba ce. Akwai masu ita, 'yan asali, waɗanda ba a taɓa tambayar su ba. Dokar 1830 ta ba gwamnati damar kwashe su daga gabas zuwa hayin Mississippi, kuma a tafiyar da aka tilasta wa ƙabilar Cherokee a 1838 dubbai suka mutu a hanya, sanyi da yunwa da cuta suka ci su. Aka yi ta haka, yarjejeniya bayan yarjejeniya ana sa hannu ana warwarewa, har zuwa Disambar 1890 da sojoji suka harbe mutanen Lakota sama da 200 a Wounded Knee, da yawansu mata da yara. In mamaye ƙasar wani da ƙarfin bindiga shi ne mulkin mallaka, to ban san sunan da za a ba wannan ba in ba shi ba. Abin da ya sa ba a kira shi haka shi ne ba a tsallaka ruwa ba, a kan doki da keken shanu aka je.

Ba-ruwanan da Washington ya yi wasiyya da shi na mai rauni ne da ya san ƙarfinsa. Ƙasar ba ta da rundunar da za ta kara da ta Turai, kuma a 1814 sojojin Ingila sun shiga birnin Washington sun banka wa fadar shugaban ƙasa wuta. Wanda aka yi wa haka ba ya bukatar malami ya ce masa ya nisanci faɗan manya. Da Turai ne kaɗai aka yi ba-ruwana. Ko a tekun ma hannun bai zauna ba. A 1853 Matthew Perry ya kai jiragen yaƙi gaɓar Jafan, a shekarar da ta biyo baya ya tilasta mata buɗe tasoshinta. A 1856 majalisa ta yi wata doka mai ban dariya in ba ka san abin da ta haifar ba: duk Ba'amurken da ya tarar da tsibirin da babu mai shi, kuma akwai tarin kashin tsuntsaye a kansa, yana iya kama shi da sunan Amurka, saboda manoma na bukatar taki. Da wannan doka aka tsinci tsibirai da dama, wasu har yau suna hannunta. Mu nan Afirka ma mun ga ƙeyarta, domin a 1884 ita ce ƙasa ta farko da ta amince da tutar ƙungiyar da Sarki Leopold na Beljiyam ya fake da ita ya mallaki Kwango, kuma ta aika wakili taron Berlin, ko da yake Majalisar Dattawanta ba ta taɓa amincewa da takardar taron ba.

To me ya sauya a shekarun 1890? Da farko dai ƙasar ci ta ƙare. Ƙidayar 1890 ta nuna babu sauran wani layi da za a ce daga nan zuwa gaba babu fararen fata, an riga an kai bakin tekun Fasifik. Sannan masana'antu sun bunƙasa har Amurka ta zarce Ingila wajen narkar da ƙarfe, gonaki na fitar da alkama da auduga fiye da abin da gida zai cinye. A 1893 tattalin arziki ya durƙushe, ɗaruruwan bankuna suka rufe, ma'aikata suka rasa aiki, yajin aiki ya kai ga zubar da jini. Masu kuɗi da 'yan siyasa suka yanke cewa maganin shi ne kasuwa a waje, musamman ta Sin. Albert Beveridge, wanda ya zama sanata jim kaɗan bayan haka, ya faɗa ƙarara a 1898 cewa masana'antun Amurka na ƙera fiye da abin da Amurkawa za su iya amfani da shi, don haka dole cinikin duniya ya zama nasu.

Akwai kuma dalilin da ake yawan tsallakewa, wato kwal. Jirgin ruwan wancan zamani da kwal yake tafiya, kuma ba zai ƙetare Fasifik da na cikinsa kaɗai ba in har ana so ya isa da ƙarfin yaƙi. Wani hafsan sojan ruwa, Alfred Mahan, ya wallafa littafi a 1890 yana cewa babu ƙasar da ta yi girma ba tare da ta mallaki teku ba: ciniki na bukatar jiragen kaya, jiragen kaya na bukatar na yaƙi su tsare su, na yaƙi kuma na bukatar tsibiran da za su tsaya su ɗebi kwal a gyara su. Theodore Roosevelt da sanata Henry Cabot Lodge sun haddace wannan karatu. Wanda ya riƙe shi a ka zai gane dalilin da ya sa tsibiran da aka kama suka jeru kamar an auna da igiya, daga Kalifoniya zuwa Hawai, zuwa Guam, zuwa Manila babban birnin Filifin, a ƙofar Sin.

Hawai ce ta fi nuna yadda aikin ke gudana, shi ya sa zan ɗan tsaya a kanta. Masarauta ce mai cin gashin kanta, da sarauniya da majalisa da jakadu, ƙasashen duniya sun amince da ita. Masu wa'azin Kirista daga Amurka sun iso a 1820, 'ya'yansu da jikokinsu kuma suka zama masu gonakin rake. A 1887 waɗannan fararen fata suka tsare Sarki Kalakaua da makamai ya sa hannu a kan tsarin mulkin da ya rage masa iko, ya kuma hana talakawa da yawa jefa ƙuri'a saboda sharaɗin dukiya. A shekarar ne Amurka ta samu izinin amfani da tashar Pearl Harbor. Sai dokar harajin kaya ta 1890, wadda McKinley ya jagoranta yana ɗan majalisa, ta kashe fifikon da sukarin Hawai ke da shi a kasuwar Amurka. Masu rake suka yi lissafi suka ga hanya ɗaya ta rage, tsibiran su zama Amurka. Da Sarauniya Liliuokalani ta nemi dawo da ikon sarauta a Janairun 1893, sai suka yi mata juyin mulki, jakadan Amurka John Stevens kuma ya sa aka sauko da sojoji sama da 160 daga jirgin yaƙin Boston, suka ja daga kusa da fada, wai don tsaron rayukan Amurkawa. Sarauniya ta sauka, ta rubuta cewa ga ƙarfin Amurka ta miƙa wuya, kuma tana jiran gwamnatin Amurka ta duba gaskiya ta mayar mata da kujerarta.

Wani abu ya faru a nan da ya kamata a yi wa adalci. Shugaba Grover Cleveland ya sa an bincika, ya faɗa wa majalisa cewa an yi wa ƙasa mai rauni ba daidai ba, ya ƙi karɓar tsibiran. Sarauniya dai ba ta koma ba, amma shekara biyar Hawai na rataye. 'Yan asalin ƙasar fiye da 21,000 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa a 1897, kuma yarjejeniyar haɗewa ta kasa samun kashi biyu cikin uku a Majalisar Dattawa. Sai da yaƙi da Sifaniya ya ɓarke aka ce sojoji na bukatar zango a hanyar Manila, sannan aka bi ta bayan gida da ƙudurin da ƙaramin rinjaye ya isa ya zartar, a Yulin 1898. A 1993, bayan shekara ɗari cif, majalisa ta nemi afuwa a rubuce, Bill Clinton ya sa hannu. Ƙasar kuwa ba a mayar ba.

Yaƙin kansa gajere ne. 'Yan Kyuba sun ɗauki makami tun 1895, kuma azabar da suka sha gaskiya ce: Janar Weyler na Sifaniya ya tara mutanen karkara a sansanoni, yunwa da cuta suka kashe dubun dubata. Amurkawa da yawa sun tausaya da zuciya ɗaya. Jaridun Hearst da Pulitzer kuma suka samu haja, suna gasar wanda zai fi tayar da hankali. A ranar 15 ga Fabrairun 1898 jirgin yaƙin Maine ya tarwatse a tashar Havana, mutum sama da 260 suka mutu, kafin a yi bincike jaridu sun riga sun yanke hukunci. Wani binciken sojan ruwa a 1976 ya karkata ga cewa daga cikin jirgin abin ya tashi, mai yiwuwa wuta ce ta kama a ma'ajiyar kwal. A Afrilu aka shelanta yaƙi, majalisa ta haɗa da alkawarin cewa Amurka ba ta da niyyar mallakar Kyuba.

Yaƙin ceton Kyuba ne, amma babbar arangamar farko a Manila aka yi ta, can ɗaya gefen duniya, ranar 1 ga Mayu, inda kwamandan jiragen yaƙin Amurka George Dewey ya nutsar da jiragen Sifaniya cikin 'yan sa'o'i. Tun a Fabrairu Roosevelt, yana mataimakin sakataren sojan ruwa, ya aika masa saƙon ya zauna cikin shiri. Wannan kaɗai ya isa ya rushe maganar cewa tsibiran faɗowa suka yi daga sama.

A Kyuba da Filifin duka, 'yan ƙasa ne suka yi shekaru suna zubar da jini har Sifaniya ta galabaita. Ranar da aka karɓi birnin Santiago na Kyuba, an hana Janar Calixto Garcia na 'yan tawayen ƙasar da mayaƙansa shiga. A Manila kuwa, a watan Agusta, Amurkawa da Sifaniyawa suka shirya ɗan faɗan ganin ido don a miƙa birnin ga fararen fata, aka tare dakarun jagoran 'yan Filifin Emilio Aguinaldo a waje, alhali tun 12 ga Yuni sun ayyana 'yancin ƙasarsu. Da aka zauna ƙulla yarjejeniyar sulhu a Paris a Disamba babu ɗan Kyuba ko ɗan Filifin a teburin. Sifaniya ta bar Kyuba, ta miƙa Puerto Rico da Guam, ta kuma sallama Filifin, mai mutum wajen miliyan bakwai, a kan dala miliyan 20. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wanda zai ce ai ƙaddara ce, ko kuwa haka zamanin yake, kowa na yi, sai ya duba ƙuri'ar 6 ga Fabrairun 1899. Sanatoci 57 suka amince da yarjejeniyar, 27 suka ƙi. Ana bukatar 56. Da mutum biyu sun sauya ra'ayi, da ta faɗi. An kafa ƙungiyar masu adawa da mulkin mallaka a Boston tun 1898, cikinta har da Cleveland da attajiri Andrew Carnegie da shugaban ƙwadago Samuel Gompers. Hujjar wasunsu mai tsabta ce: ƙasar da ta kafu a kan cewa ba a mulkin mutane sai da yardarsu ba ta da bakin sayen mutane. Hujjar wasu kuwa ƙazama ce, tsoro suke kada miliyoyin da ba farare ba su zama 'yan ƙasa, ko su shigo su karya farashin ƙwadago. Ba na so a mayar da su waliyyai. Amma sun faɗi abin da zai biyo baya, an ji su, aka zaɓi a yi. A zaɓen 1900 McKinley ya sake cin nasara, Roosevelt na mataimakinsa.

Nan ne nake ganin sabon abu na gaske a 1898. A da, ƙasar da aka kama ana korar masu ita ne, farare su cika ta, ta zama jiha. Yanzu an kama wuraren da mutanensu sun yi yawan da ba za a kore su ba, kuma ba a so su zama 'yan uwa. Kotun ƙoli ta warware matsalar tun daga 1901 da jerin hukunce-hukuncen da suka ce wuri na iya zama mallakin Amurka ba tare da ya zama ɓangarenta ba. Har gobe mazaunin Puerto Rico, ko da yake ɗan ƙasa ne tun 1917 kuma ana kai shi yaƙi, ba ya zaɓen shugaban ƙasa.

Kwana biyu kafin waccan ƙuri'a ta sanatoci harbi ya riga ya fara tsakanin sojojin Amurka da mayaƙan Filifin a bayan Manila. Yaƙin da ya biyo baya ya ci sojojin Amurka sama da 4,000, mayaƙan Filifin wajen 20,000, da fararen hula aƙalla 200,000, yawancinsu ta yunwa da annoba. Sojoji na kwantar da mutum su ɗura masa ruwa har cikinsa ya kumbura, su danne shi ya amayar, su sake, har ya yi magana. A lardin Batangas aka tara mutanen karkara a sansanoni, aikin da aka la'anci Weyler a kansa shekara huɗu kacal da suka wuce. A tsibirin Samar, bayan an kashe sojojin Amurka a garin Balangiga a 1901, Janar Jacob Smith ya ba da umarnin a kashe duk wanda ya haura shekara goma. An gurfanar da shi a kotun soja, hukuncinsa ya tsaya a jan kunne da ritaya.

Kudancin tsibiran Filifin na Musulmi ne, waɗanda Sifaniya ta yi shekara ɗari uku ba ta gama da su ba. A 1899 Amurka ta ƙulla yarjejeniya da Sarkin Sulu cewa za ta mutunta addininsa da ikonsa, saboda hannunta na arewa a lokacin. Da ta gama da arewa, sai ta soke yarjejeniyar a 1904. A farkon Maris na 1906 wasu ɗaruruwan mutanen tsibirin Jolo, da matansu da 'ya'yansu, da suka ƙi harajin kai suka hau ramin wani tsohon dutse mai aman wuta da ake kira Bud Dajo, sojojin Janar Leonard Wood suka ja manyan bindigogi zuwa bakin ramin suka yi ta ruwan wuta, kusan babu wanda ya fita. Roosevelt, yana shugaban ƙasa, ya aika da saƙon taya murna. A cikin wannan wata na Maris ɗin dai sojojin Ingila suka shafe garin Satiru kusa da Sakkwato, suka kashe mutum wajen 2,000. Mu kan ware Amurka daga jerin 'yan mulkin mallaka saboda ba ita ta zo mana ba, amma a watan nan aiki iri ɗaya ita da Ingila suke yi.

Za a ce ai Amurka ta gina makarantu a Filifin, ta kuma ba ta 'yanci a 1946, tun kafin Ingila da Faransa su saki yawancin nasu. Haka ne. Sai dai a ganina abin da Washington ta gano da wuri shi ne riƙe ƙasa sukutum akwai tsada da zubar da mutunci, alhali abin da Mahan ya nema tun farko tasha ce kawai. Shi ya sa aka saki Filifin amma aka riƙe sansanonin Clark da Subic har farkon shekarun 1990. Shi ya sa a 1903 aka taimaka wa Panama ta ɓalle daga Kolombiya, aka yanki zirin da za a haƙa mashigi, aka bar mata sauran. Kyuba kuwa an cika mata alkawari a takarda: sojoji sun fita a 1902, bayan an tilasta mata cusa wa tsarin mulkinta sharaɗin cewa Amurka na da ikon dawowa duk lokacin da ta ga dama, kuma ta dawo ɗin a 1906. Cikin sharuɗɗan har da hayar gaɓar Guantanamo a 1903, a kan dala 2,000 na zinariya a shekara.

Wannan salo na ɗan fili da katanga da titin jirgi shi ne ya iso har ƙasar Hausa. Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas. A Maris na 2024 gwamnatin sojan Nijar ta ce ta soke yarjejeniyar, kuma kafin ƙarshen Satumba sojojin Amurka, su wajen 1,000, sun tattara sun fita. Kyuba ta fi shekara sittin tana faɗin abin da Yamai ta faɗa sau ɗaya. Amma yarjejeniyar 1934 da ta sabunta hayar ta ce ba ta ƙarewa sai ɓangarorin biyu sun yarda, ko Amurka ta tashi don kanta. Duk shekara baitulmalin Amurka na rubuta cekin dala 4,085, gwamnatin Havana ta ƙi kai shi banki, kuma tun Janairun 2002 a filin nan ne ake tsare fursunonin da ba a so dokar Amurka ta kai gare su.